Kayan Aji a Kabad ɗin Jere

Mandawari, Kano
Satumba

Zuwa ga ɗana Mikail,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da mai ɗakinka Hafsat da yaran, da fatan zafin Yola bai ƙarasa ƙona ku ba. Mu nan sai godiya. Gwiwar tana nan yadda ka san ta, kunnen hagu kuma ya bi sahunta, shi ya sa na daina wahalar da kaina da waya. Mutum ya yi ta ihu ina ta "na'am?" har kati ya ƙare. Tunda Alhaji Jibrin yana kai rini Yola daga Ƙofar Mata, na ce bari in riƙa ba shi takarda.

Kada ka ce zumuncin ya yi nisa. Kakana da kakan mahaifinka wa da ƙane ne, kuma ni na koya maka jadawalin sau kana kuka kana jan majina. Saboda haka ba roƙo na zo yi ba, aike ne.

An ce yanzu kana aiki da wata ƙungiya mai haɗa kayan koyarwa. To ga halin da nake ciki. An aiko wa makarantar unguwarmu manhaja mai kauri, ta ce ɗan aji shida ya iya haɗa rabi da sulusi, ya karanta labari ya faɗi abin da ya fahimta, ya kuma rubuta insha'i da kansa. Manhajar ba ta faɗi da me zan koyar ba. Abin da ke hannuna shi ne alli, da allon da ya koɗe, da littafin karatu guda da ƙarshensa ya yage. Labarin ya tsaya ne a inda akuya ta faɗa rijiya, kuma shekara da shekaru yara na tambayata ko ta fito.

Saura mini kaɗan in ajiye alli, Mikail, kuma gaskiya zuciyata ba daɗi. Ina so ko sau ɗaya in sallami ajin da na tabbata sun iya. In akwai abin da za ka iya, ka yi.

Gwaggonka,
Zinariya

Yola
Oktoba

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, Hafsat tana gaishe ki, ta ce ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Maganar majina kuwa na karanta ta a ɓoye, don kada yarana su raina ni.

Allah ya sa kin rubuto a kan gaɓa. Muna da akwatunan gwaji da ake rabawa wasu makarantu, na yi ta naci har aka sa taku a ciki. Ga shi nan Alhaji Jibrin zai sauke miki. A ciki akwai faifayen katako masu launi, wani an raba shi biyu, wani uku, wani huɗu, don koyar da rabi da sulusi da rubu'i. Akwai katunan kalmomi na haɗa jimla, da ƙananan littattafan labari na Hausa da na Turanci, duk da ƙarshensu. An tsara su ne daidai da manhajar aji biyar da shida.

Amma akwai sharaɗi, Gwaggo. Wajen ƙarshen zango na biyu za a turo mutane su duba. In sun gamsu, akwatin ya zama na makarantarku har abada, kuma a ci gaba da aiko muku da wasu. In ba su gamsu ba, za a ɗauke shi a kai wata makaranta. Ba surutu suke saurara ba, kayan suke dubawa, su ne za su ba da shaidar abin da aka yi da su. Mun sha kunya a wurare da dama, inda kaya ba su kai zango ɗaya ba. Na ce wa shugabanmu gwaggona ba haka take ba, na tsaya miki. Don Allah a kula.

Ɗanki,
Mikail

Mandawari, Kano
Oktoba

Mikail,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai mura da ta zaga gidan ta ƙare a kaina. Akwati ya iso, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifinka. Da na buɗe na ga littattafan nan sai da na yi hawaye, ban ɓoye ba, a gaban shugaban makarantarmu Malam Isyaku.

Amma akwai layin da ya tsaya mini a wuya. "Don Allah a kula." Ni kake gaya wa a kula? Ni da matan unguwar nan ke kawo wa ajiyar sarƙa da zannuwa in za su tafi aikin Hajji, su dawo su tarar ko ninkin bai canza ba? Ka haɗa ni da waɗanda kaya ke salwanta a hannunsu. Na ji zafi, kuma gara in faɗa maka da in bar shi a ciki.

To ka kwantar da hankalinka. Ka tuna kabad ɗina mai gilashi, wanda na yi jeren aurena a ciki? Na kwashe kwanukan na zuba a buhu, na sa 'yan dako suka kinkimo shi har aji. Da ƙyar ya bi ta lungun nan, sai da aka karkata shi. Kwanukan da suka zauna a cikinsa tun ina amarya ko ƙwarzane babu a jikinsu, don ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Yanzu kayanka ne a wurinsu. Na jera faifayen a sama, ja da kore da ruwan ɗorawa, littattafai a tsakiya, katuna a ƙasa. Makulli yana ɗaure a bakin zanena.

Iyaye har leƙowa suke yi su gani. Wata ta ce ajin ya koma kamar ɗakin amarya. Mutanenka su zo duk ranar da suka ga dama, ba za ka ji kunya ba.

Zinariya

Yola
Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaishe ki, da fatan murar ta sake ki. Tuba nake. Wallahi ban rubuta wannan layin don in taɓa ki ba, bakin ofis ne ya bi ni har cikin wasiƙa. Na san wace ce ke.

Labarin kabad ya ba mu dariya, Hafsat ta ce da tana nan da ta yi guɗa. Wurin ajiya mai makulli abu ne mai kyau, in an tashi a mayar a rufe. Sai dai ki bar yaran su riƙa ɗauka suna wasa da su, Gwaggo, kada ki ji komai. Ai don su aka yi.

A gurguje nake rubutu. An tura ni ƙauyukan kan duwatsu horar da malamai, can ko waya ba ta shiga, kuma zan jima. Duk abin da kika aiko Hafsat za ta ajiye mini.

Ɗanki,
Mikail

Mandawari, Kano
Disamba

Ɗana,

Na yafe, magana ta wuce. Ina fatan duwatsun ba su gajiyar da kai ba. Ni dai sanyi ya shiga gwiwar, a zaune nake salla yanzu.

Na ga inda ka ce in bar yara su yi wasa da kayan. Allah ya yi maka albarka, ka iya kara kamar mahaifinka. Haka duk mai kyauta yake cewa. Ranar da aka kawo mini kwanukan jere ma cewa aka yi, "A ci a ciki, kada a ji komai," kuma da na ci da an yi da ni a unguwa. Kai ka faɗi naka na ɗa mai kunya, ni kuma na san nawa. Ba zan bari a zo dubawa a tarar da gefen littafi ya lanƙwashe kamar kunnen kare ba, bayan ka tsaya mini a gaban shugabanka.

Ba ka san yaran nan ba ne. Wannan ya ci awara da manja, wancan ya fito daga kwata neman ƙwallo. Akwai wata Ikram, uwarta ƙullin rini take yi wa marina, ita kuma yarinyar ke kwance zaren in an tsamo. Yatsunta shuɗi ne kullum, har ƙarƙashin farce. Ita ce kuma ta fi kowa manne wa gilashin, sai na goge tururin numfashinta in an tashi.

Ga yadda nake yi. Ina fito da faifai ɗaya, in riƙe shi da ƙyalle, in ɗaga sama in ce, "Wannan rabi ne." Su ce, "Rabi ne." In mayar, in rufe. Littattafan kuwa ni nake karanta musu, ba na buɗewa sosai don kada gindin ya karye. Katunan ban cire su daga leda ba tukuna.

Sai dai abin da ke damuna, har yanzu ba su gane ba. Na tambayi Ikram tsakanin sulusi da rubu'i wanne ya fi girma, ta ce rubu'i, ai huɗu ta fi uku. Rabin ajin suka goyi bayanta. Na koma gida ranar ko abinci ban iya ci ba. Ga kaya har kaya, ga kai ya ƙi buɗewa. Na fara tunanin ko ni ce na tsufa, ko kuwa yaran yanzu ne Allah ya yi su haka. In akwai wata dabara da ban sani ba, ka rubuto.

Gwaggonka,
Zinariya

Mandawari, Kano
Maris

Mikail,

Assalamu alaikum. Ban san ko ka sauko daga duwatsun ba. Alhaji Jibrin ya kwanta ciwon ƙafa tun sanyi, sai yanzu ya miƙe, ashe takardata ta Disamba tana cikin jakarsa ba ta je ko'ina ba. Za ka karɓe su tare. Lafiyar jiki da sauƙi. Ta zuciya ce babu.

Mutanenka sun zo. Wata Malama Safiya ce da wani mai ɗaukar hoto. Tun da aka sanar da mu na wanke gilashin, na goge faifayen ɗaya bayan ɗaya, na turara ajin, na dafa zoɓo. Na saka atamfar da nake zuwa biki da ita. Da suka shigo na buɗe kabad da hannuna, ina jiran in ji an ce madalla.

Malama Safiyar yarinya ce mai ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba, har ƙasa ta gaishe ni. Ta ɗauki littafi ta buɗe, sai ya yi 'yar ƙarar nan ta sabon littafi. Ta ɗauki wani, shafukan a manne. Ta juya ledar katunan ta ga ko ɓula ta ba a yi ba. Na ce mata, "Ƙirga, 'yata, ko ɗaya bai ɓata ba." Ta ce, "Na gani, Mama." Amma fuskarta ba ta mai murna ba ce.

Sai ta zube faifayen a kan tabarma, a ƙasa, Mikail, inda ake takawa. Ta ce, "Wa zai zo ya nuna mini rabi?" Ba wanda ya motsa. Duk suka mai da hannu baya suna kallona. Ta kira Ikram, ta miƙa mata guda. Yarinyar ta ja da baya ta ce, "Malama ta ce ba a taɓawa. Na baƙi ne."

Malama Safiya ta ja ni gefe ta ce, "Mama, mu datti muke nema. In muka ga littafi ya yi laushi, gefen kati ya lanƙwashe, mun san yara sun ci moriyarsa. Wannan kuwa kamar yau aka sauke shi." Na ce ai amana aka ba ni. Ta ce ta sani, amma abin da ta gani shi za ta rubuta. Ta ce mota za ta zo ɗaukar akwatin kafin hutu. Ko zoɓon ba su sha ba.

Ka ce kayan ne za su ba da shaida. To sun bayar. Ka gaya mini gaskiya, ba da kara ba: dama abin da kake nufi ke nan tun farko?

Zinariya

Yola
Maris

Gwaggo,

Na dawo na tarar da takardunki biyu a hannun Hafsat. Ta Disamba na fara karantawa, tun kafin in kai ƙarshe na san abin da zan tarar a ta biyun. Yaya gwiwar? Ki yi haƙuri, ban ma san ta inda zan fara gaisuwar ba.

Kin ce in faɗa ba da kara ba. E, abin da nake nufi ke nan. Da na ce ki bar su su yi wasa da kayan, ba kunya nake yi ba, aikin ke nan gaba ɗaya. Ba a gane sulusi da ido daga nesa, sai yaro ya ɗora shi a kan rubu'i da hannunsa ya ga wanne ya leƙo. Makarantun da na ce mun sha kunya, ba yagewa kayan suka yi ba, sayar da su aka yi, wasu kuma aka kai gidan wani aka kulle. Na ɗauka kin san haka, ke kuma kin ɗauka na san yadda ake riƙon kayan mutane a gidanmu. Kuma na sani, a gidan na tashi. Da na ji kin ce kabad ɗin jere, ya kamata in bar dariya in rubuto miki shafi guda.

Na je wurin shugabanmu har sau biyu. Na ce a ba ki zango ɗaya kawai. Ya ce an riga an ba wata makaranta, yaran can ma jira suke, kuma in aka ɗaga wa gwaggona ƙafa, gobe kowa zai kawo tasa gwaggon. Raina a ɓace yake, Gwaggo, ba da ke ba.

Ba ki tsufa ba, kuma yaran ba su da laifi. Kafin motar ta zo, ki buɗe kabad ɗin nan. Ba abin da ya rage da za a lalata.

Ɗanki,
Mikail

Mandawari, Kano
Afrilu

Ɗana Mikail,

Sallama irin ta kullum, da gaisuwa ga Hafsat da yara. Ina nan da rai. Takardarka ta zo ana saura 'yan kwanaki a yi hutu, na karanta ta a zaure a tsaye, na sake karantawa a ɗaki.

Na buɗe kabad. Na kwance makullin daga bakin zanena na ajiye a kan tebur, na zube komai a tabarma yadda Malama Safiya ta yi. Na ce, "Ku ɗauka." Suka ƙi. Suka ɗauka gwada su nake yi. Wani ma ya ce, "Malama, mu dai ba ruwanmu." Abin da na koya musu da kyau a shekarar nan ke nan, kuma sun iya shi. Sai da na ce kowa ya je ya wanke hannu a buta, sannan suka yarda da gaske nake.

Ikram ta wanke nata har ya yi ja, shuɗin bai fita ba. Ta dawo ta ɓoye shi a hijabi. Na kamo hannun da kaina na danƙa mata rubu'i mai ruwan ɗorawa. Na ba ta sulusi na ce ta ɗora ɗaya kan ɗaya. Ta ɗora, ta duba, ta juya, ta sake dubawa. Sai ta ɗago ta ce, "Lah! Malama, ashe in masu rabo sun yi yawa, kason kowa ƙanƙancewa yake." Ko zama ban gama yi ba ta gane abin da na yi wata da watanni ina ihu a kansa. Na fita bayan aji na yi kuka mai isata.

Kwanakin nan ajin ya zama kasuwa. Malam Isyaku ya leƙo sau da yawa yana tambaya ko lafiya. Sun yaga ledar katunan, sun haɗa jimloli, har da wadda ta ce shugaban makaranta ya hau akuya. Sun kwanta rub da ciki suna karanta littattafan, kowa yana ba na kusa da shi labarin ƙarshen nasa. Da tun Oktoba aka fara, Allah kaɗai ya san inda za su kai. Wannan tunanin shi ke hana ni sakewa.

Motar ta zo ranar Laraba. Ni na shirya akwatin. Da na zo kan rubu'in nan mai ruwan ɗorawa, sai na ga shatin babban yatsa, shuɗi, ya zauna a jikin katakon. Ƙyallen yana hannuna, har na kai shi. Ban goge ba. In akwatin ya biyo ta ofishinku, ka nema ka gani, ka nuna wa Malama Safiya. Ba don ta canza abin da ta rubuta ba, gaskiya ta rubuta. Ina so dai wani ya san an taɓa.

Kabad yana nan a aji, wayam. Malam Isyaku ya ce a nemo 'yan dako su mayar mini gida, na ce a bari tukuna. Kwanukan suna buhu. Jiya na zaro ɗaya na zuba tuwo a ciki, karo na farko tun da aka kawo ni gidan. Tuwo ne dai kamar kullum.

Ban gaya wa yaran ranar da za a zo ɗauka ba, na kasa, kuma bayan an tashi motar ta zo. Washegari na shiga aji na tarar da su zaune a tabarma, shiru, ba wanda ya sa su. Duk sun wanke hannu. Sun shimfiɗa su a kan gwiwa suna jira, ruwan ko bushewa bai yi ba.

Na ɗauki alli na zana musu da'ira a allo.

Ka sa mu a addu'a.

Gwaggonka,
Zinariya